Layin da Baba Ya Hana a Nome

Har yau idan 'ya'yana suna gardamar wa ya fi taurin kai a danginmu, sai in ce su daina ɓata bakinsu, ba su ga komai ba. Wanda bai ga mahaifina a gona ba, bai san taurin kai ba. Ni kuma a wurinsa na gada, ban bar ko kaɗan ba. Shi ya sa daminar da kanmu ya haɗu, gero ne ya sha wahala.

Ƙauyenmu yana kan hanyar da ta tashi daga Gumel ta nufi Maigatari, kuma gidanmu gidan gandu ne. Yanzu sai ka zauna ka yi wa yaro bayanin gandu kamar wani abin tarihi. Uba ne da 'ya'yansa maza, ko da sun yi aure sun haifa, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke zubawa, tukunya ɗaya suke ci. Daga fitowar rana zuwa azahar aikin gandu ne. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ya samu a can nasa ne. Baba kuma shi ne da ciyarwa, shi ne da haraji, shi ya yi wa kowannenmu aure, shi ke yanka ragon suna. Wallahi ban san yadda ake cinikin kwanon gero ba sai da na je Kano, ina da mata da 'ya.

Mu uku ne maza: Yaya, sai ni, sai ƙanena. Idan za a fara noma, tsayuwarmu ba ta canzawa. Baba ne a dama, Yaya na gefensa, ni na uku, ƙanena na huɗu. Kowa ya kama layin gero ɗaya ya tura har ƙarshen gona, a juyo, a kama wasu huɗu. Idan an samu baƙo mai taya aiki, ko Baba ya ɗauki ɗan ƙodago, can ƙarshen sahu yake tsayawa, bayan ƙanena. Amma idan mata suka kawo fura da hantsi, baƙon ake fara miƙa wa ludayi, sannan Baba, sannan mu bi da bi. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga doka. Haka muka tashi muka gani, kamar yadda muka ga rana tana fitowa daga gabas.

Sai aka yi farin nan na farkon shekarun saba'in. Ba sai na tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar Gumel ya san abin da ya gani. Rumbunmu da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, sai ga Baba yana shiga ciki da tsintsiya. Da rani ya kama, na ce zan tafi cin rani Kano, Baba ya sa mini albarka. Ba sabon abu ba ne. Samarin garinmu kullum suna tafiya, wasu ga ruwa, wasu dako, amma sharaɗin ɗaya ne kuma kowa ya san shi: ruwan farko ya sauka, ka ɗaure kayanka ka dawo.

Ni sai Allah ya yi mini wata hanya. Wani mutumin Gagarawa da muke kwana a zaure ɗaya ya kai ni wata masaƙa a Bompai, ana ɗaukar mutane. Aka duba hannuna, aka duba idona, aka ba ni katin aiki. Kai! Ranar da na fara shiga ɗakin injuna, na ɗauka kunnena ya tafi ke nan. Amma cikin wata biyu na iya ɗaure zaren da ya tsinke ba tare da na tsayar da inji ba, har helmanmu, wato shugaban ma'aikatan ɗakin, yana nuna ni ga sababbi. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son yadda jiniya take busawa kowa ya san lokacinsa, ina son yadda ƙarshen wata yake zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Mutumin da ya ga gero ya bushe a tsaye yana kallo, shi ya san daɗin wannan. Albashina na farko hatsi na saya, na ɗora a mota aka kai gida, shi aka ci har aka ga damina.

Ran da aka yi ruwan farko a Kano, ƙanshin ƙasa ya biyo ni har cikin masaƙa. Na je wajen helma na ce masa ina son tafiya gida noma, wata uku kawai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗan ƙauye, injin nan ka taɓa ganin ya leƙa waje ya duba hadari? Hutunka na shekara yana nan, bayan an gama girbi. In ka tafi yanzu, ga mutane can a bakin ƙofa suna jiran katinka." Gaskiya ya faɗa, na gan su da idona kullum da safe. Na kwana biyu ina juya maganar, na yanke shawara ba zan tafi ba. Kuma in gaya muku, ko yau aka mayar da ni wancan lokaci, shawarar da zan yanke ke nan.

Inda na yi wauta daban ne. Na ce a raina, ai abin da gandu yake buƙata a wurina hannu ne, to zan aika da hannun da ya fi nawa. Akwai wani mutumin Damagaram da yake dako a kasuwa kusa da mu, ƙato, wuyansa kamar turmi, yana shirin komawa arewa neman ƙodago. Na sallame shi da kyau, na kwatanta masa garinmu da gonarmu ta bakin hanya. Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Sai na ƙara da cewa, "In ka je, kada ka tsaya a ƙarshe kamar baƙo. Ka shiga tsakanin yayana da ƙanena, nan ne wurina, ka ce ni na aiko ka ka tsaya mini." Har ina jin daɗin kaina, wai na yi dabara irin ta mutanen birni. A masaƙa haka ake yi, in mutum bai zo ba a sa wani a kan injinsa, zare bai san bambanci ba.

Abin da ya faru ƙanena ne ya ba ni labari, don shi aka turo mini bayan kamar sati biyar. Ya hau jirgin ƙasa daga Gagarawa, ya iso da yamma ya same ni a ƙofar zaurenmu ina wanke rigar aiki. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara dariya. Ya ce, "Yaya, ka yi suna. Daga Gumel har Maigatari ba wanda bai san gonarka ba."

Na ce, "Wace gonata? Kai dai faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce mutumina ya iso da sassafe, ranar da za a fara noman farko, da fartanyarsa a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ratsa ya tsaya tsakaninsa da Yaya, ya ce ni na aiko shi. Baba ya dube shi, ya amsa sallama, ya tambaye shi hanya da mutanen gida. Sannan ya ce, "Bawan Allah, wa ya haife ka?" Mutumin ya faɗi sunan ubansa. Baba ya ce, "Allah ya yi masa albarka. To wurin nan da ka tsaya, na wanda na haifa ne." Ya zaunar da shi a gindin tsamiya, aka kawo fura aka fara miƙa masa ludayi, ya sha ya ƙoshi. Baba ya sa aka nuna masa gayaunata, ya ce ya je can ya yi aikin da aka sallame shi a kai, don kada ya ci haram. Mutumin ya nome ta tas cikin kwana biyu ya wuce.

"Daga nan fa?" na ce.

Ƙanena ya ce daga nan Baba ya ce a tsaya yadda aka saba. Shi ƙanen nawa ya matso kusa da Yaya don ya cike gurbin, Baba ya daka masa tsawa ya ce ya koma wurinsa. Aka bar layi ɗaya a tsakani ba kowa a kai. Aka tura har ƙarshe, aka juyo, aka sake barin ɗaya. Haka aka nome gonar bakin hanya gaba ɗaya, uku a nome, ɗaya a bari. Yaya ya yi magana, ya ce bara ba a samu komai ba, bana kuma da aka samu ruwa za a bar wa ciyawa kashi ɗaya cikin huɗu? Baba ya ce layin yana da mai shi, kuma mai shi bai mutu ba. Inna ta yi magana, ƙannen Baba suka zo daga Sule Tankarkar suka yi magana, ko gezau. Ya ce duk wanda ya sa fartanya a layin nan bai yafe ba.

Zuciya ta ɗebe ni, na jefar da rigar a cikin ruwa. Na ce wannan ai neman tona mini asiri ne, ni da na ciyar da gidan da rani. Ƙanena ya bari na gama faɗa, sannan ya daina dariya. Ya ce, "Ba Baba ne ya aiko ni ba fa. Matarka ce." Su biyun abokan wasa ne, kullum yana tsokanarta tana korarsa da muciya, amma ya ce wannan karon ba wasa a fuskarta. Ranar girkinta ita take kai fura gona, ta ratsa ta gefen layin mijinta, ciyawa har gwiwa. A bakin rijiya ba wadda ta ce mata komai, kuma shirun ya fi magana ciwo. Ta rage cin tuwon gidan, tana cewa ba ta jin yunwa, alhali tana shayarwa. Ya ce, "Ta ce in gaya maka, ko ka zo ka nome layinka, ko ka zo ka ɗauke ta. Ba za ta ci gaba da cin hatsin da mijinta bai sa hannu ba."

A gidanmu ba a taɓa fitar da mace ba. Matar ɗa tana shiga ne ta zauna, ta haifa, ta tsufa, ta zama ita ce Inna. Ɗauke ta yana nufin na raba tukunya da ubana yana raye, abin da ko Yaya mai 'ya'ya biyar bai taɓa tunani ba. In kuma na koma na kama layina, kati ya tafi. Tsakanin biyun nan ba wata hanya ta uku, na nema ban samu ba.

Ranar Asabar da aka tashi aiki na hau mota zuwa Gumel, na kwana a gidan wani ɗan'uwan Inna. Da safe na samu babbar mota mai zuwa Maigatari, na hau baya tare da fatake da buhunansu. Da muka kusa garinmu sai wani dattijo mai jan rawani ya taɓa ni ya ce, "Samari, kai baƙo ne a hanyar nan? Tashi ka ga abin mamaki." Na miƙe na riƙe ƙarfen mota. Ga gonarmu shimfiɗe, uku fes, ɗaya baƙi ƙirin da ciyawa, uku fes, ɗaya baƙi, har iyakar ganina. Sak zanen da muke saƙawa mai ratsi. Ban taɓa ganin rashina a fili haka ba.

Dattijon ya gyara zama ya fara ba ni labarina. Wai ɗan mai gonar ne ya tafi Kano ya lalace, ya aiko wa ubansa da bawa. Wani daga gefe ya ce a'a, shi ya ji an ce yaron direba ya zama a Ikko. Wata mata ta ce Allah ya shirya mana zuri'a, kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, don ban san abin da zan ce ba. Da motar ta rage gudu na buga jikinta na ce a tsaya. Ina sauka dattijon ya leƙo ya ce, "Af, nan za ka sauka? Ka san mutanen gidan?" Na ce, "Baba, ni ne lalataccen." Har motar ta yi nisa ina hango jan rawaninsa, bai daina kallona ba.

Ban shiga gida ba, kai tsaye gona na nufa da wandon aiki da takalmin roba. Na same su suna maimai, noma na biyu, su uku a jere da gurbi a tsakani. Na durƙusa na gaida Baba. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambaye ni hanya. Fartanyata tana rataye a reshen tsamiya. Ashe kullum da ita ake zuwa gona, a rataye ta, a mayar da ita gida da azahar. Na sauke ta, na shiga tsakanin Yaya da ƙanena, na duƙa.

Tabɗi! Su suna tafiya a kan ƙasar da aka riga aka nome, ni ina fama da harkiya da ƙarangiya da suka yi wata biyu suna cin karensu ba babbaka. Geron da ke ciki ya yi rawaya, siriri, ko rabin na kusa da shi bai kai ba. Wata bakwai ina taɓa zare, tafin hannuna ya yi laushi kamar na mai jego. Kafin in kai ƙarshen layi na biyu ya yi bororo, a na uku ya fashe. Ƙanena yana waiwayowa yana cewa, "Yaya, ko a kira helma ya kawo wani?" Na ce in ya sake magana sai na nome shi tare da ciyawar. Suka riƙa isa ƙarshe suna tsayawa jirana, don Baba ba ya juyawa sai sahu ya cika.

Da hantsi matata ta kawo fura. Ta gan ni, ta sauke ƙwaryar, na ga yadda wuyanta ya rame. Baba ya sha, Yaya ya sha, aka miƙo mini ludayi na uku, na miƙa wa ƙanena. Wallahi ban taɓa shan furar da ta kai wannan daɗi ba, kuma ina sha ina sanin abin da zan faɗa in an jima.

Zuwa azahar layi bakwai na nome. Na tsaya na dubi sauran, ko sati biyu zan yi ba zan gama ba, ni kuwa gobe jiniya za ta busa. Muka yi salla a gindin tsamiya. Yaya da ƙanena suka tashi za su ba mu wuri, Baba ya ce su zauna, maganar ta gandu ce.

Ni na fara, kuma da zafi na fara. Na ce, "Baba, me na yi muku da za ku shanya ni a bakin hanya? Hatsin da aka ci da rani daga ina ya fito? Na aiko da mutumin da ya fi ni ƙarfi, kun kore shi. Yanzu ga gero yana mutuwa, ga matata ba ta cin abinci."

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Hatsinka mun ci, Allah ya yi maka albarka, da ba don shi ba da an ji kunya. Mutuminka kuma ban kore shi ba. Da ya tsaya a ƙarshe inda baƙo yake tsayawa, da na bar shi ya yi noma har kaka. Kai ka ce ya tsaya a wurinka." Ya ɗebi ƙasa yana murzawa a hannunsa. Ya ce, "Ni ban iya karatu ba. In na duƙa na dubi hagu, a nan nake ganin abin da Allah ya ba ni. In na bari wani ya tsaya maka, bana za a ce an taimake ka, baɗi a ce haka aka saba, shekara uku ba wanda zai tuna akwai mai wurin. Kana Kano kana cewa kana gandu, muna nan muna cewa kana gandu, duk muna yi wa juna ƙarya. Ni ba zan cire ka da hannuna ba, kuma ba zan yi ƙarya ba. In kana ciki, ga layinka. In ka fita, ka faɗa da bakinka, in ji da kunnena."

Duk faɗan da na taho da shi daga Kano sai ya zube. Na gane ba fushi yake yi ba, jira yake yi. Wata biyu yana kallon geronsa yana lalacewa, mutumin da ya share rumbu da tsintsiya bara, don kawai kada a rufe wurina ban sani ba. Na ji son tsohon nan ya cika mini ƙirji. Amma son da nake masa bai canza abin da na sani ba. Gonar nan ba za ta ƙara faɗi ba, 'ya'yan Yaya suna tasowa, ruwa kuma ya riga ya nuna mana zai iya ƙin zuwa. Dole wani ya kasance a inda abinci ba ya jiran hadari.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ba zan bar aikin ba. Ku rufe layin."

Ya ce, "Ka faɗa?"

Na ce, "Na faɗa."

Ya ce, "Na ji. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa, alhali lokacin gandu ya wuce, ya ce kowa ya tashi ya tsaya. Muka jeru yadda muka saba. Ya dube ni ya ce in ja baya, na ja. Ya dubi ƙanena ya ce, "Matso." Ƙanena mai dariya, ranar bai yi dariya ba. Ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya zuwa dama, kafaɗarsa ta kusa taɓa ta Yaya. Shi ke nan fa. Ba takarda, ba shaidu, ba alƙali. Suka duƙa su uku a kan layukan da aka bari, suka fara kashe ciyawar, kuma na ji daga baya cikin kwana biyar suka gama, geron ya ɗan farfaɗo.

Washegari da safe na ɗauki matata da 'yarmu. Inna ta fito da wata 'yar tukunya da ake dafa wa mai jego kunu, ta ce ita ce mafi ƙanƙanta a gidan, ta haɗa mata da muciya da kuka da daddawa. Ta yi kuka, matata ta yi kuka, matar Yaya ta yi, har yaran da ba su san abin da ake yi ba suka taya su. Baba ya raka mu bakin hanya, ya tsayar mana da mota da kansa. Na makara kwana ɗaya, helma ya yi ta faɗa, na ce ya yi haƙuri, ba zan sake neman tafiya noma ba.

Ɗaki ɗaya na kama mana a gidan haya, mu da wasu iyalai biyar, kowa da yarensa, kowa da murhunsa. Matata ba ta iya girkin mutum biyu ba. Hannunta ya saba da tukunyar mutum ashirin da wani abu, sai ta tuƙa tuwo ya ishe mu kwana uku, ta bi ɗakunan maƙwabta tana rabawa. Na yi ta tsokanarta ina cewa ko gayya ta kira. Ta ce ita abin da yake damunta shiru ne, ba wanda zai karɓi yarinya in tana daka, ba wadda za ta ce mata gishiri ya yi yawa. Amma ta mayar da jikinta cikin wata biyu, tana cin abincinta da hannu biyu. A ɗakin nan muka haifi sauran 'ya'yanmu, duk suka yi makaranta. Shekarun da damina ta yi gardama, daga ɗakin nan buhu yake fita zuwa gida. Ban yi kuskure ba, kuma Baba da kansa bai taɓa cewa na yi ba.

Da damina ta zagayo, wata Asabar na sake hawa mota, don hannuna yana ƙaiƙayin fartanya. Na isa gona da sassafe ranar Lahadi, suna shirin farawa. Na gaida Baba, ya yi murna ƙwarai, har ya riƙe hannuna yana duba tafin yana girgiza kai. Fartanyata ba ta kan tsamiya, babban ɗan Yaya ne yake riƙe da ita, ya zama saurayi, yana tsaye na huɗu. Aka samo mini wata. Ƙafata da kanta ta nufi tsakanin Yaya da ƙanena, sai da na isa na ga ba wuri. Na zagaya ta bayansu na je can ƙarshen sahu, bayan ɗan Yaya, na duƙa. Na yi noma sosai ranar, ba wanda ya jira ni.

Da hantsi matar Yaya ta kawo fura. Muka zauna a gindin tsamiya, ni ina ba ƙanena labarin Kano, don shi ma ya fara tambayar yadda ake samun kati. Ban lura ba sai na ji an yi shiru. Na juyo, sai ga Baba ya dama furar da kansa, ya cika ludayi, bai kai bakinsa ba. Ya miƙo mini da hannu biyu, fuskarsa a sake, ya ce, "Bismilla, fara. Ka sha hanya."

Na karɓa na sha, don ba a mayar wa mai gida ludayi.